Wa Ke Shan Datar Gidanka? Rauta da Makullanta Biyu

Ranar da data ta ƙare mana cikin kwana goma sha ɗaya, alhali ta wata guda aka saya, kan kamfanin layi na fara ɗora laifi, kamar yadda kowa ke yi. Na yi ta faɗa ni kaɗai a falo. Da zuciya ta lafa sai na ɗauki waya na shiga shafin rautar, na buɗe jerin na'urorin da suka hau kanta. Mu bakwai ne a gidan, har da autanmu ɗan shekara huɗu wanda ba shi da waya. Jerin ya nuna min goma sha tara.

Duk wanda ya ga haka, maƙwabta zai fara zargi, ni ma su na zarga. Sai dai wannan jeri yana da yaudara, kuma kafin a ɗauki gora a fita neman ɓarawo, gara a san yadda ake karanta shi.

Rauta, ko ta falo ce mai eriya huɗu ko 'yar ƙaramar MiFi ta aljihu, aikinta ɗaya ne: ita ce ƙofar da ke tsakanin gida da intanet. Kamfanin da ya sayar maka da layi ita kaɗai yake gani. A cikin gida kuwa, ita ke raba wa kowace waya da kwamfuta da talabijin lambar zama, irin su 192.168.0.101 da 192.168.0.102, ta riƙe ta farko a hannunta. Shi ya sa idan ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza, ko 192.168.8.1 a yawancin na Huawei, shafin sarrafa ta ke buɗewa. Ainihin lambar tana rubuce a takardar da aka manna a ƙasanta, ko a ƙarƙashin batiri idan MiFi ce. Lambar zaman nan aro ce, gobe tana iya canzawa. Abin da rauta ke shaida na'ura da shi wata lamba ce daban da ake kira adireshin MAC, haruffa da alƙaluma goma sha biyu da aka jera biyu-biyu. Shida na farko na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, hukumar IEEE ce ke raba musu su.

A da, adireshin MAC kamar zanen fuska yake, da shi ake haihuwar waya, da shi take mutuwa. Sai aka lura cewa manyan kantuna da wuraren taruwar jama'a na iya bin sawun mutum da shi duk inda ya shiga. Daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suka koma ƙirƙirar adireshin aro, kowane waifai da nasa. Wannan alheri ne ga mai waya, amma ciwon kai ne ga mai rauta. Sunan kamfani ba ya fitowa, sai ka ga an rubuta maka wasu haruffa marasa ma'ana. Idan rautarka na watsa sunaye biyu, ɗaya na zangon 2.4 ɗaya na zangon 5, wato hanyoyin iska biyu da take watsa waifai a kansu, waya guda tana iya fitowa sau biyu. Wasu rautocin kuma ba sa goge waɗanda suka taɓa hawa suka tafi. Akwai 'yar alama da ke taimakawa: dubi harafi na biyu na adireshin, idan 2 ne ko 6 ko A ko E, to na aro ne, kuma galibi waya ce ko kwamfuta ta zamani.

Hanyar ƙidaya ba ta da wata fasaha, haƙuri kawai take so. Na tara mutanen gida bayan sallar isha'i, kowa ya kashe waifai ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ina sabunta shafin ina ganin wanda ya ɓace, in raɗa masa suna: wayar Hajiya, kwamfutar aiki, talabijin. Da muka gama, goma sha huɗu namu ne, ciki har da wayoyi uku da suka fito sau bibbiyu. Uku na baƙi ne da suka zo suna watanni baya, sunansu ne kawai ya rage. Biyu ne kacal ba mu san su ba, kuma a daidai lokacin suna kai.

Rautarmu na cikin masu nuna yawan datar da kowace na'ura ta sha, sai na duba. Baƙin nan biyu a haɗe ba su sha abin a zo a gani ba. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa: talabijin ɗin falo ne, lokacin hutun makaranta, yara na kallon zane-zane daga hantsi har magariba a hoto mafi kyau. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya a hoto mai kyau na iya cin gigabait 3, a mafi kyawu kuma har 7. Yi lissafin awa huɗu kullum ka gani. Bayan talabijin sai kwamfutar da ta sauko da sabuntawarta da daddare, da wayoyin da ke loda hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet da zarar sun ji ƙamshin waifai. An tsara su ne a ƙasashen da layin gida ba shi da awo, don haka a wurinsu waifai ruwan kogi ne. Mu kuwa da mudu ake auna mana, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. A saitunan waifai na Android da Windows akwai wurin da ake gaya wa na'ura cewa wannan layin na awo ne, iPhone ma na da makamancinsa. Wannan kaɗai, tare da rage kyan hoton talabijin, ya isa ya miƙar da data zuwa ƙarshen wata.

To an gano mai shan data. Amma baƙin nan biyu fa? Su ne suka fi damuna, ba don abin da suka sha ba, sai don tambayar da suka tayar: ta ina suka shigo, kuma me suke iya taɓawa tunda sun shigo?

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne maɓallin toshewa da ke gefen kowane suna. Na danna, suka ɓace, na ji daɗi. Washegari da yamma ɗaya ya dawo da sabon adireshi. Ba wani gwanin kwamfuta ba ne, kawai ya shiga saitin wayarsa ya sauya daga adireshin aro zuwa na asali, ga kalmar sirri kuma tana hannunsa. Toshewa ta MAC barin jaki ne ana dukan taiki. Akwai juyinta da ya ɗan fi ƙarfi, inda za ka rubuta na'urorin da ka yarda da su kaɗai a hana kowa. Yana tare yaron maƙwabta, amma adireshin MAC a fili yake yawo a iska, ba a lulluɓe shi, kuma mai kwamfuta da ɗan sani zai iya kwafar na wayarka ya sa wa tasa. Ga wahalar rajistar duk baƙon da ya zo. A ganina wannan fanni na tarbiyyar cikin gida ne, ba na tsaro ba: yana da amfani wajen yanke wa wayar yaro intanet daga ƙarfe goma na dare, ko rage wa talabijin gudu. Wanda kake son kora daga gida kuwa, sauya makulli ake yi. Da zarar kalmar sirri ta canza, kowa ya faɗi, sai wanda ka ba sabuwa.

Yadda suka same ta ma ba wani abin mamaki ba ne. Ɗan yayata da ya yi mana hutu ne ya nuna wa abokinsa hoton nan mai murabba'i da waya ke fitarwa, wanda ake haska wa kyamara a hau waifai ba tare da an rubuta komai ba. Tun Android 10 wannan ya zama ruwan dare, kuma wayoyi da yawa har kalmar sirrin suke rubutawa a ƙasan hoton. Saboda haka dabarar nan ta karɓar wayar baƙo ka rubuta masa da hannunka don kada ya gani ta daina aiki. Akwai kuma manhajojin da ke alƙawarin waifai kyauta, waɗanda ke tara kalmomin sirri daga masu amfani da su su baje wa duniya a taswira. Mutum ɗaya a gida ya sauke irin wannan, makullin gida ya fita kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari.

Maganin wannan, magabatanmu sun riga sun gina shi da laka. Gidan Bahaushe na da zaure, baƙo ya zauna a can a kai masa ruwa da abinci, ba ya ratsawa cikin gida. Yawancin rautocin falo na da irin wannan zaure, wato waifai na biyu na baƙi, da sunansa daban da kalmar sirrinsa daban. Wanda ya hau shi zai sami intanet, amma ba zai ga kwamfutarka ko firintarka ba, kuma idan an saita shi daidai ba zai kai ga shafin sarrafa rauta ba. Kana iya ƙayyade masa gudu, ka sauya kalmarsa duk wata ba tare da ka tayar da hankalin mutanen gida ba. Ni har talabijin da kyamarar ƙofar gida can na mayar, domin irin waɗannan kayan masu araha su ne suka fi rauni, kuma ba kasafai masu ƙera su ke waiwayar su ba bayan an sayar. Ƙananan MiFi da yawa ba su da zaure, a nan sai dai a riƙa sauya kalmar sirri a kai a kai, a kuma rage adadin na'urorin da aka yarda su hau a lokaci guda.

Yanzu ga abin da ya sa gumi ya karyo min. Duk wannan bincike da nake yi, da me na shiga shafin rautar? Da kalmar admin a wurin suna, admin a wurin kalmar sirri, yadda ta zo daga kamfani. Shekara biyu tana gidan ban taɓa sauya shi ba. Rauta makulli biyu gare ta, mutane kuma ɗaya suka sani. Na farko kalmar sirrin waifai, wadda ake tambayarka kullum. Na biyu kalmar shiga shafin sarrafawa, wadda ita ce makullin turakar maigida. Duk wanda ya hau waifai ɗinka, ko na minti biyar ne, idan wannan makulli na nan yadda ya zo daga kamfani, to shi ma maigida ne. Zai ga kalmar sirrin waifai, zai iya cire kansa daga jerin waɗanda aka toshe, zai iya toshe ka kai mai gidan, zai iya buɗe wa kansa wata ƙofa ta baya.

A wurinmu abin ya fi haka muni, saboda yawancin rautocinmu da layin waya suke aiki. Shafin sarrafa irin waɗannan na da ɓangaren saƙonnin tes, da yawa kuma har da wurin danna lambobin tauraro da ake duba kuɗi ko tura su. Mutane nawa ne suka ciro tsohon layinsu suka sa a MiFi, layin da har yanzu banki ke turo wa saƙon shigar kuɗi da lambar tabbatarwa? Wanda ke riƙe da admin yana zaune a bayan katanga yana karanta waɗannan saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Idan kana cikin masu wannan hali, ka ajiye karatun nan ka je ka gyara tukuna. Layin rauta ya zama na rauta kaɗai, kada ya haɗu da banki ko WhatsApp ko wani asusu. Sannan a tuna cewa tun Disambar 2020 gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Idan wani ya yi damfara ko ya aika barazana ta waifai ɗinka, sawun da masu bincike za su fara bi ƙofarka zai kawo su, sai daga baya a shiga dogon bayani.

Akwai wata ɓarnar da ba a ganin ta da ido. A cikin saitunan rauta akwai abin da ake kira DNS, ɗan jagoran da ke fassara sunan shafi zuwa ainihin inda yake. Idan aka sauya maka shi da na 'yan damfara, za ka rubuta sunan bankinka daidai, a kai ka wani shago mai kama da shi sak. A 2018 masu bincike sun bankaɗo wani shiri da aka raɗa wa GhostDNS, wanda ya yi wa rautoci sama da dubu ɗari haka, galibinsu a Brazil. A irin wannan hari ba sai ɓarawo ya zo unguwarku ba. Ya isa wani a gidan ya buɗe gurɓataccen shafi, shafin ya riƙa gwada admin da admin a kan rautar daga cikin gida.

Sakacin barin kalmar kamfani ya taɓa girgiza intanet ɗin duniya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa zagaya intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kyamarori da rautoci da jerin sunaye da kalmomin sirri na kamfani kusan sittin kacal. Da wannan ɗan jeri ta kame na'urori dubu ɗaruruwa ta mai da su runduna. Ranar 21 ga Oktoba aka tura irin wannan runduna kan kamfanin Dyn mai yi wa manyan shafuka hidimar DNS, sai Twitter da Netflix da Reddit suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa a Amurka. Yammacin Afirka ma ta ɗanɗana: wani ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da wani reshen Mirai ya afka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, reshen da kuma ya durƙusar da rautocin abokan cinikin Deutsche Telekom kusan dubu 900 a Jamus a Nuwambar shekarar. Kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019. Masu na'urorin da aka yi yaƙin da su ba su ma san an yi ba, sai dai su ga intanet na tafiyar hawainiya. Ingila ta kai ga kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 2024, da ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri mai saukin cinka. Mu da kasuwarmu ke cike da sabo da tsoho da na gwanjo, dokar tana hannun mai gida.

Mu koma kan makullin farko, domin shi ma akwai magana. A shafin saitin waifai za ka ga wani wuri da ke ba ka zaɓi tsakanin WEP da WPA da WPA2 da WPA3. Waɗannan hanyoyi ne na lulluɓe abin da ke tafiya a iska tsakanin waya da rauta, kuma jerin nasu tarihin faɗuwa da tashi ne. WEP ne na fari. A 2001 wasu masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna tsagar da ke jikinsa, daga baya fasa shi ya koma aikin 'yan mintoci komai tsawon kalmar sirri. Kamfanin kantuna na TJX a Amurka ya yi jinkirin barinsa, a 2007 ya sanar cewa an kwashe bayanan katunan banki sama da miliyan 45. WPA ya zo a 2003 a matsayin faci, WPA2 ya biyo baya a 2004, WPA3 kuma a 2018. Idan rautarka da wayoyinka sun san WPA3, shi za a zaɓa. Idan akwai tsofaffin kaya a gidan, akwai zaɓin gamin gambiza na WPA2 da WPA3. Idan babu, WPA2 tare da zaɓin lulluɓewa mai suna AES ya wadatar. Rautar da ba ta wuce WEP ko WPA ba kuwa, ta gama aikinta, a yi mata ritaya.

Raunin WPA2 a gidajenmu ba daga lissafinsa yake ba, daga kalmar da muke ba shi ne. Duk lokacin da waya za ta hau, ita da rauta sukan yi musabaha ta saƙonni huɗu. Wanda ke kusa zai iya naɗar wannan musabaha daga iska, ya tafi da ita gidansa, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi ba tare da rautarka ta san ana yi ba. Kwamfuta mai katin hoto irin na masu wasanni na gwada dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. To me muka fi sawa? Lambar waya. Tana da alƙaluma goma sha ɗaya, sai mutum ya ga ai ta yi tsawo. Amma huɗun farko sanannu ne, 0803 ne ko 0806 ko 0703 da 'yan uwansu, saura bakwai, wato zaɓi miliyan goma a kowane rukuni, aikin da bai kai a gama shan shayi ba. A Nijar lambar ma takwas ce gaba ɗaya. Sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, ko 12345678, waɗannan ba a ma maganarsu. Babban abin da WPA3 ya zo da shi shi ne rufe wannan hanya ta ɗauka a tafi gida a yi ta gwaji.

WPA2 na karɓar haruffa daga 8 har 63, kuma tsawo ya fi ƙyale-ƙyale amfani. Kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a sarƙa su da lamba a tsakani, sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi ƙarfi, sun kuma fi ta sauƙin riƙewa. Kada dai a ɗauko karin magana ko baitin waƙa da kowa ya sani. A guji haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, ba don ba su da kyau ba, sai don tsarin bai tanadi wurinsu ba, kuma ranar da za ka rubuta su da rimot ɗin talabijin za ka gane kurenka.

Duk wannan ƙoƙari wani ɗan maɓalli guda na iya rushe shi, WPS. An ƙirƙire shi don sauƙaƙa haɗa firinta da makamantanta da lamba takwas maimakon doguwar kalma. A Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna yadda aka yi aikin baban giwa wajen tsara shi. Lamba takwas ya kamata ta ba da zaɓi miliyan ɗari. Amma ta ƙarshe daga sauran bakwai ake lissafo ta, sannan rauta na duba lambar ne rabi-rabi, tana gaya wa mai gwaji ko huɗun farko sun yi daidai. Sai zaɓin ya koma dubu goma a rabin farko, dubu ɗaya a na biyu, jimla dubu goma sha ɗaya, aikin 'yan awoyi. Da zarar an dace, rauta da kanta ke miƙa kalmar sirrin waifai, ko da haruffa sittin ce. Sababbin rautoci na kulle wannan ƙofa bayan an yi kuskure sau kaɗan, amma manhajojin da samari ke yawo da su a waya suna cewa suna fasa waifai, yawancinsu nan suke lalube. A kashe shi kawai, ba za a yi kewarsa ba.

Ɓoye sunan waifai, wanda wasu ke tinƙaho da shi, labule ne ba ƙofa ba, kowace manhajar leƙen iska na ganin sa. Abin da ya fi shi amfani shi ne sauya sunan da ya zo da shi, wanda ke tallata irin rautar, ba kuma tare da an maye gurbinsa da sunan gidan ko na maigida ba.

Saura manhajar da ke cikin rautar kanta. Ita ma kwamfuta ce, tana da kurakurai, masu ƙera ta kan fitar da gyara. A 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya gano wata tsaga a musabahar WPA2 da aka kira KRACK, kuma sabuntawa ce ta toshe ta a na'urorin da aka sabunta. Waɗanda ba a sabunta ba suna nan da tsagarsu. A leƙa shafin sabuntawa ko sau biyu ne a shekara, a kuma tabbatar akwai wuta ko batiri kafin a fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe rautar murus. A wannan zama ɗaya a kashe damar sarrafa rauta daga nesa idan a kunne take. Wanda ya sayi ta hannu, ko wadda aka buɗe a kasuwar waya don ta karɓi kowane layi, ya fara da mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ya sa mata nasa makullan.

Wannan mayarwa da wani ɗan rami ake yin ta a bayan rautar, a zura tsinke a danne kamar daƙiƙa goma. Shi ne mafita ranar da ka manta kalmar admin, shi ne kuma dalilin da ya sa rauta ba kayan ajiyewa a inda kowa ke kai hannu ba ne. Wanda ya danna shi ya goge duk abin da ka saita, komai ya koma kan abin da ke rubuce a takardar ƙasanta, wadda ɗaukar hotonta ba ya cin daƙiƙa biyu. Tamu na ɗauke ta daga kan teburin falo na kai ta saman kabad a tsakiyar gida. Hakan ya ƙara wa ɗakunan ciki ƙarfi, ya rage abin da ke tsallaka katanga zuwa titi, musamman da na mayar da mutanen gida kan zangon 5, wanda ya fi gudu amma ba ya ratsa bango kamar na 2.4.

Duka aikin bai ci min awa ɗaya ba: sabuwar kalmar admin da na rubuta a takarda na ba Hajiya ta adana, sabuwar kalmar waifai, WPS a kashe, zaure a buɗe da ɗan gudunsa daidai gwargwado. Kwana biyu bayan haka, ina zaune ƙofar gida bayan la'asar, sai ga yaron gidan da ke kallon namu ya zo ya durƙusa.

"Baba, barka da hutawa. Wai ko waifai ɗinku ya lalace ne? Tun shekaranjiya ba ya hawa."

Na dube shi, ya sunkuyar da kai. Ashe jarrabawar JAMB yake shiri, da daddare yake zama jikin katangarmu yana gwajin tambayoyi. Na karɓi wayarsa na sa masa kalmar zaure, na gaya masa ƙarfe goma sha ɗaya ake rufewa, kuma ranar da na ga baƙuwar waya ta biyo shi, shi zan fara tambaya. Ɗayan baƙon kuwa har yau bai zo cigiya ba.